Ranar da Aka Yi wa Katin Hoto Gwajin Shanun Huɗa

Akwai wani bawan Allah a Fagge, Sabitu, mai shagon buga katin biki da kalanda. Mutumin kirki ne, hannunsa na da kyau a aiki, in ka kai masa katin ɗaurin aure ba zai sa sunan uwar amarya a gurbin na amarya ba. Aibinsa ɗaya ne tak a duniya, ƙwallon kwamfuta. Yana son ta kamar ransa, ita kuwa ko ɗigon ƙaunarsa ba ta yi.

Duk ranar Asabar in an idar da azahar, sai ya ture takardu gefe, ya jawo benci, abokansa su hallara su biyar ko shida. A jona hannun gem guda biyu, wato abin dannawar da ake buga wasan da shi, a jikin babbar kwamfutar da yake zane da ita, a dafa shayi, a shiga fili. A cikin abokan nan akwai Mamuda tela, wani siriri marar hayaniya, wanda yake buga wasa yana ɓarar gyaɗa kamar ba da shi ake ba. Shekara biyu cur ana wannan zama, Sabitu bai taɓa cin Mamuda ba, ko canjaras bai taɓa yi da shi ba. Ƙwallo ta yi ta shiga gidan Sabitu har majalisa ta gaji da lissafi, ta raɗa masa suna Raga.

Da farko dariya ya yi, yana ganin abin zai wuce. Ina! Suna ya bi shi kamar jela. Mai shayin bakin layi ya ɗauka, masu adaidaita suka ɗauka, har ta kai wata rana wani dattijo ya yi sallama a ƙofar shagon da takarda a hannu, ya tambaya cikin ladabi ko nan ne wajen Malam Raga mai buga kati. Ranar Sabitu bai iya cin abincin rana ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don shi a ransa ya yi imani gwani ne, kayan aiki ne kawai suke cin amanarsa.

Kuma fa bai taɓa rasa mai laifi ba. Ya ce hannun gem ɗinsa ne maɓallinsa ya saki, aka yi musanya, aka ci shi. Ya ce bencin ne yake girgiɗi, aka ba shi kujera, aka ci shi. Ya ce hasken taga ne yake dukan idonsa, aka rataya labule, aka ci shi a cikin duhu. Da duk waɗannan suka ƙare, sai ya gano babban mai laifi: katin hoto. Ga wanda bai sani ba, wani faifai ne mai fanka a jiki da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ne yake zana duk abin da ido ke gani a allo. In mai ƙarfi ne, wasa ya tafi sumul. In ya tsufa, hoto ya riƙa tsayawa yana ɗingishi. Na Sabitu kuwa gaskiya ya tsufa, wannan ba a yi masa ƙarya ba. Sai dai da aka tuna masa cewa allo ɗaya suke kallo shi da Mamuda, sai ya ce ai ɗingishin ba ya tashi sai ƙwallo tana ƙafarsa.

A nan ne Mamuda, wanda ba ya yawan magana, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa ya yi magana.

"To ka sayo sabo. In ka sa shi ka ci ni, kai ko canjaras ka yi, ni da kaina zan binne sunan nan, duk wanda ya sake faɗa ni da shi. In kuma aka sake cin ka, sai ka buga sunan da injinka, ka liƙa a allon shagonka."

Sabitu ya miƙa hannu suka tafa a gaban shaidu. Sai da kowa ya watse ya fita ya ɗaga kai ya dubi allon shagon nasa, ya ga lallai akwai fili a gefen sunansa da zai ɗauki harafi huɗu.

Washegari ya tafi kasuwar 'yan waya da kwamfuta, ya tarar kati biyu ne suke daidai da aljihunsa, kuma kusan kuɗinsu ɗaya. Ɗaya a jan kwali, ɗaya a kore. Jan yana da fanka uku da ƙwaƙwalwa mai yawa, amma akwai cin wuta. Koren fankarsa biyu, ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta jan ba, amma ba shi da ci, kuma an ce a wajen fitar da haske da inuwa babu kamarsa. Ya juya wannan, ya juya wancan, ya ce zai je ya yi shawara. Wannan shawara ita ce ta cinye mako uku.

Ka san mutum in ya shiga irin wannan hali. Ya kalli bidiyon masana ya fi ɗari, kowanne da zanen dogayen sanduna ja da kore, wannan ya ce ja ne sarki, wancan ya rantse da kore. Da safe Sabitu ɗan ja ne, kafin la'asar ya koma kore, in ya yi alwalar magariba ya dawo ja. Ya cika bayan wata tsohuwar kalanda da lambobi. Ya tambayi mai gyaran injinsa, ya tambayi wani ɗan bautar ƙasa da ya zo buga takarda, har limamin masallacin layinsu ya tara, liman ya ce shi dai abin da ya sani shi ne duk abin da mutum zai yi ya nemi zaɓin Allah. A gida ma abin bai bar shi ba. Maiɗakinsa Sa'ade ta tambaye shi miyar kuka za ta yi ko ta tumatir, ya ce ai kowacce da inda ta fi 'yar'uwarta. Ta dube shi, ta je ta dafa wake da shinkafa.

Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba, wadda shi kansa ba ya son ya kalle ta, ita ce muddin bai saya ba, yana da sauran abin faɗa. Ran da ya saya kuwa, daga shi sai Mamuda.

Ana cikin haka sai ga kawunsa daga Wudil, Kawu Barau, yayan mahaifiyarsa. Dillalin shanu ne, shekararsa arba'in a kara, irin mutanen nan da in sa ya gifta ta gabansu sau ɗaya za su gaya maka shekarunsa da abin da ya ci jiya. Dogo ne, da rawani da sanda, da gwangwanin goro a aljihu. Ɗansa zai yi aure, ya kawo a buga masa katin gayyata tun ranar Litinin. Sabitu ya ce ya dawo Laraba. Ranar Laraba Kawu ya sake biyo mota tun daga Wudil, ya shigo ya tarar ɗan ƙanwar tasa ya zuba tagumi a gaban allo, wani Bature yana ta surutu da faifai a hannu, takardar sunayen da ya bari kuwa tana nan a inda ya ajiye ta, an ma ɗora mata kofin shayi.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya zauna, ya jingine sanda, ya ɓare goro, ya ce a gaya masa abin da ya fi auren ɗansa muhimmanci. Sabitu ya sunkuyar da kai ya kwashe labari kaf ya faɗa, har da sunan da alkawarin allo. Ya yi bayanin ja, ya yi bayanin kore, yana yi yana jawo kalandar lambobinsa.

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato dai shanu biyu ka gani a kara ka rasa na ɗauka."

Sabitu ya ce ba haka ba ne, Kawu, wannan harkar kimiyya ce.

"Ɗaya babba mai ci da yawa, ɗaya madaidaici mai wayo. Shanu ne. Ɗauko hularka."

Haka suka ɗunguma sai kasuwa, Sabitu a gaba yana addu'ar kada ya haɗu da wanda ya sani, Kawu a baya yana ƙwanƙwasa sanda a matattakalar bene. Mai shagon wani matashi ne mai fara'a, Lawandi, wanda ya riga ya gaji da ganin Sabitu, don zuwansa shida ke nan bai sayi ko igiyar caji ba. Da ya ga dattijo sai ya miƙe ya gaishe shi, ya ba shi kujera, ya sauko da kwalayen biyu.

Kawu ya ce a fito da su daga kwali, shi ba ya cinikin dabba tana cikin garke. Aka fito da su. Ya ɗauki jan ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ɗauki koren ya auna. Ya juya su ciki da baya. Ya ga jerin 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinariya da ake sokawa a cikin kwamfuta, ya kai su kusa da ido ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce haƙoran dai duk sun cika, babu wanda ya zube. Ya hura fankar kowanne ya kasa kunne ya ji juyawarta. Har shinshinawa ya yi. Sabitu ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige, Lawandi kuwa ya dafe baki da hannu wai tari yake.

Amma da Kawu ya fara tambaya, sai Lawandi ya sauke hannun. Ya tambaya ko sababbi ne ko sun taɓa aiki a hannun wani, don a kara akwai masu goge wa tsohon sa ƙaho da mai su ce ɗan shekara huɗu ne. Lawandi ya ce wallahi a nan ma akwai masu yin haka, su wanke tsohon kati su sa a sabon kwali, amma waɗannan dal suke. Ya tambayi abin da kowanne yake ci. Lawandi ya ce jan ya fi jan wuta sosai. Kawu ya juya ya tambayi Sabitu ko rumbunsa zai iya ciyar da shi, wato wutar solar shagon, Sabitu ya ce za ta iya in ba a kunna injin buga kati ba. Kawu ya ce ai dama ya lura ba a kunna shi. Ya tambayi wanne ya fi jure zafi, wanne ya fi saurin gajiya, in ɗaya ya kwanta ciwo akwai mai maganinsa a garin nan ko sai an kai shi wata ƙasa. A cikin minti goma ya tambayi duk abin da Sabitu ya yi mako uku yana nema a bidiyo.

Daga nan ya ajiye su gefe da gefe ya ce duka biyun lafiyayyu ne, ido ya gama nasa, saura gwaji. Ya yi wa Lawandi bayanin yadda ake yi a wajensu: mai sayen san huɗa ba ya biya don ya ga tozo da sheƙin fata. Sai an kai gona an ɗaura masa garma, an ga tafiyarsa, an ga ko yana jin magana. In shanu biyu ake kokwanto a kansu, a gwada su a gona ɗaya, da garma ɗaya, a hannun mutum ɗaya. Wanda ya yi a riƙe, wanda bai yi ba a mayar wa mai shi, babu rigima.

Lawandi ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, mu a nan ba a fita da kaya gwaji. In an ɓalle leda, an saya ke nan."

Kawu ya ce to wannan wace irin kasuwa ce da ake sayen sa a cikin buhu. Ya ce ba wai a ba su su tafi da su ba, shi mai kayan ya biyo kayansa, ya ɗaura da hannunsa, ya kwance da hannunsa. Ranar Asabar bayan azahar, a Fagge, shagon buga kati na kusa da mai shayi.

Lawandi ya tsaya. Ya dubi Sabitu sama da ƙasa, fuskarsa ta washe.

"Kusa da mai shayi? Au, wai kai ne Raga?"

Sabitu ya kau da kai. Lawandi ya ce ai in haka ne ko shago zai rufe sai ya zo, ya daɗe yana jin labari, bai taɓa gani da idonsa ba. A hanyar komawa Sabitu yana ta lissafin nisan da ke tsakanin Fagge da kasuwar nan, da yadda aka yi suna ya riga shi zuwa ba tare da ya hau mota ba.

Ranar Asabar shago ya cika ya batse. Labari ya zaga cewa yau za a yi ta ta ƙare, har waɗanda ba su san yadda ake riƙe hannun gem ba sun zo. Mai shayi ya bar teburinsa ya leƙo ta taga. Lawandi ya iso da kwalaye biyu a jaka da 'yar sukundireba a aljihu. Kawu Barau ya iso tun kafin azahar, ya zauna a kujerar baƙi, sanda a tsakanin gwiwoyi. Kafin a fara, majalisa ta yi ittifaƙi cewa shi ne alƙali, tunda shi ya kawo tsarin. In ya ce kati ne bai yi ba, an ɗage alkawari sai an samo wani. In ya ce kati ya yi, to magana ta ƙare. Sabitu ya yi saurin amincewa, don a ransa yana cewa ai naka naka ne, kawu ba zai bari a kunyata ɗan ƙanwarsa a bainar jama'a ba.

Kawu ya kafa doka: ƙungiya ɗaya, fili ɗaya, kujera ɗaya, kada a canja komai sai san. Lawandi ya buɗe cikin kwamfuta, ya zare tsohon kati mai ƙura, ya soka jan. Fanka uku suka ɗauka. Da hoto ya fito, sai da shagon ya yi tsit. Ciyawar filin nan ɗaya bayan ɗaya ake ganin ta, rigunan 'yan wasa suna kaɗawa, har 'yan kallon da da suke kamar tarin tsummoki yau ga su da hanci da baki. Sabitu ya gyara zama, ya murza yatsu, ya dubi jama'a ya ce yau za su san abin da ya daɗe yana gaya musu.

Minti uku da farawa Mamuda ya zura ta farko. Babu ɗingishi, babu tsayawa, ƙwallo ta tafi sumul ta kwanta a kusurwa. Aka maimaita ta a hankali daga gefe uku, kowane gefe ya fi na baya kyau. Kafin hutun rabin lokaci an yi uku. Aka tashi biyar ba ko ɗaya, Mamuda bai ko gama ƙullin gyaɗarsa ba.

Sabitu ya aje hannun gem ya ce dama ya yi zargin haka. Jan nan ƙarfinsa ya yi yawa, gudu yake kamar an kore shi, kafin mutum ya danna ƙwallo ta wuce. Ga kuma ƙarar fanka uku a kunne, wa zai iya natsuwa. Lawandi ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya ce mai saye yana da haƙƙin ya ƙi, haka ake yi, a kwance wannan a ɗaura ɗayan.

Aka jira kati ya huce, aka sha shayi zagaye ɗaya, aka soka koren. Shi kuma da nasa salon. Inuwar kowane ɗan wasa tana bin sa a ƙasa, rana tana sheƙi a kan turke, gumi yana gangarowa a goshin mai tsaron gida. Fankar kuwa shiru kamar ba ta nan. Kawu ya tambayi Sabitu ko wannan ƙarar ta yi masa, ya ce ta yi. Ya tambaye shi gudun fa, ya ce daidai. Kujera, haske, hannun gem, duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar shaida, Sabitu yana cewa lafiya lau. Sannan ya ce a fara.

To a nan ne abin mamaki ya faru. Ana minti na goma wayar Mamuda ta yi ƙara, wata mai ɗinki ce take neman kayanta. Ya maƙale waya a kafaɗa yana ba ta haƙuri, yana bugawa da rabin hankali. Sabitu ya samu ƙwallo a tsakiyar fili, ya ruga, ya daddanna duk maɓallan da Allah ya hore masa a lokaci ɗaya, ƙwallo ta bugi ƙafar wani, ta bugi turke, ta gangara ciki. Ɗaya ba ko ɗaya, Sabitu ne a gaba.

Rabonsa da irin wannan farin ciki tun ranar ɗaurin aurensa. Ya yi tsalle ya ture kujera, ya fita har bakin titi ba takalmi, ya dawo ya rungume Lawandi, ya sumbaci koren kwali. Ya ce ga shi nan, shekara biyu yana faɗa ana yi masa dariya, ashe kore ne maganin. Ya nuna 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya ya ce kowa ya fara koyon kiran sunansa na yanka. Har da ƙwalla a idonsa, kuma wallahi duk wanda ya gan shi a lokacin sai ya taya shi murna.

Mamuda ya ce wa matar ta zo gobe da yamma, ya kashe waya, ya sa a aljihu. Ya ture ƙullin gyaɗa gefe, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba, ya riƙe hannun gem da hannu biyu.

Ba sai an ja labari ba. Shida da ɗaya aka tashi. Ta huɗun ma mai tsaron gidan Sabitu ne ya fito yawo har tsakiyar fili, don maigidansa ya danna abin da bai kamata ba, koren kati kuwa ya zana shi tsaf da inuwarsa yana gudun komawa gida ƙwallo tana gabansa.

Shago ya yi shiru irin na mutanen da dariya ta cika musu ciki suna jiran izini. Sabitu yana zaune gumi ya jiƙa masa riga. Ta ƙofa yana hango gefen allon shagonsa, da filin nan mai ɗaukar harafi huɗu. Ya yi gyaran murya ya ce in aka duba da kyau, shi ma koren yana da matsala. Kyan hoton ya yi yawa, yana ɗauke hankali, mutum yana kallon inuwa ƙwallo ta wuce. Ya juya wajen Lawandi ya tambaya ko ba shi da wani na uku, wanda ya haɗa ƙarfin ja da natsuwar kore. Lawandi ya ce akwai, amma sai ya sayar da injin buga katin ya cika. Wani daga baya ya kasa riƙewa ya tuntsire, aka yi masa tsawa, don alƙali bai yi magana ba tukuna.

Kawu Barau bai yi gaggawa ba. Ya tambayi Mamuda yadda ya ji jan a hannunsa, Mamuda ya ce lafiya lau. Koren fa? Ya ce shi ma lafiya lau, shi bai ga bambanci ba. Kawu ya gyaɗa kai. Ya sa aka ajiye katunan biyu a kan tebur a gabansa, ya taɓa bayan kowanne ya ji ɗuminsa, kamar yadda yake taɓa wuyan sa in an kwance shi daga garma.

Sabitu ya matso ya durƙusa a gefen kujerar, ya rage murya yadda yake zaton ba mai ji. Ya tuna wa Kawu cewa shi fa ɗan ƙanwarsa ne, jininsa. Ya ce katin bikin nan yau ɗin nan zai buga shi, da ruwan zinariya, da ambulan kyauta. Abin da yake roƙo kawai kalma ɗaya ce, a ce katunan ba su yi ba. Sannan ya miƙe, ya ɗaga murya don jama'a su ji, ya ce:

"To Kawu, kai ne masani. Ka ga aikin ja, ka ga na kore. Wanne za a mayar?"

Kawu ya ɓalli goro, ya tauna, ya dubi katunan, ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Shekara arba'in ina dillanci, Sabitu, ban taɓa ganin shanu biyu sun ƙi huɗa a hannun mutum ɗaya an mai da shanun ba. Su su zauna. Kai za a mayar."